Hankakan La Fontaine da dilan Baba Malam

A firamare, nan Garwa, aka sa mu haddace tatsuniyar La Fontaine, wani marubucin Faransa, ta hankaka da yanyawa da Faransanci. Na sha bulala a kanta.

Da na ce wa Baba Malam littafin La Fontaine tun 1668 yake, dariya ya yi, wai ai littafin nan yaro ne. Ya zaro Kalila wa Dimna daga gafaka, takardun duk sun yi ja. Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci daga Farisanci wajen shekarar 750, asalinsa kuwa Indiya.

Ni dai Dimna, dilan da ke cikin littafin, ya fi tsaya mini a rai. Yanyawa cuku kawai ta wawure; shi kuwa dilan nan annamimanci ya ƙulla har zaki ya kashe amininsa bijimi. Iya na tankaɗe tana jin mu, ta ce duk Gizo ya fi su iya shege.