Akwatin da aka gina wa coci a Kolon

Jirgin ƙasan da nake jira ya yi latti, sai na ce bari in leƙa ƙaton cocin nan da ke bakin tashar Kolon, a Jamus. Niyyata in ɗau hoto ɗaya in fito. Wani akwati ya riƙe ni kusan awa guda.

Yana can ƙurya, bayan bagade, cikin gilashi. Tsawonsa mita biyu da ɗoriya. Katako ne aka lulluɓe da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, siffarsa kamar makara biyu a jere, ta uku a kansu. Masu ziyara sun yi imani cewa a ciki akwai ƙasusuwan masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur lokacin haihuwar Annabi Isa. Da can ƙasusuwan a Milan suke, a Italiya. Sarki Frederick Barbarossa ya ci garin da yaƙi, ya miƙa su ga Rainald na Dassel, Akbishop (babban limamin coci) na Kolon, shi kuma ya iso da su Kolon a 1164. Ganima ce dai, in za a faɗi gaskiya.

Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa, da guzurinsu da kuɗinsu. A 1248 aka kafa harsashin wannan coci domin akwatin ya samu masaukin da ya dace da shi, ba a kammala ba sai 1880. Ashe ginin da ya sa wuyana ciwo a waje kube ne kawai, wuƙar tana ciki.

Aikin maƙeri Nikolas na Verdun ne da mutanensa. A gefe ya zaunar da annabawa, har da Musa da Yunusa, kowanne rigarsa na naɗewa a gwiwa sai ka rantse yadi ne. Ni da na tashi inda ba a siffanta annabawa, na rasa yadda zan yi da idona, na kalla na kawar, na sake kallo.

Abin da ya ba ni dariya yana ta gaba. Sarakuna uku, wato masanan nan, na miƙa wa jariri Isa kyauta, ga kuma wani na huɗu ya bi layi a bayansu. Sarki Otto na Huɗu ne, wanda ya ba da zinariyar gaban akwatin. Mai kuɗi bai taɓa yarda a yi hoto babu shi ba!

Ina cikin neman fuskarsa na tuna da jirgina. Da gudu na sauka matakalar.