Littattafan da suka koya mini kiwo da raino

Na fara kiwon kaji a bayan gidanmu da ke Zariya a wani watan Afrilu, da 'yan tsaki hamsin 'yan kwana ɗaya da wani ƙaton littafin Turanci da na saya a wurin masu baza littattafan gwanjo a bakin titi. Littafin yana da kyan gani, takardarsa mai sheƙi, hotunansa masu launi, kuma babu shakka wanda ya rubuta shi ya san kaji. Sai dai mutanen ƙasar sanyi ya rubuta wa, ni kuwa ban lura da haka ba. Ya ce 'yan tsaki suna bukatar ɗumi kimanin digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kusan digiri uku kowane mako, sannan ya yi ta nanata cewa a toshe duk wata kafa da iska za ta shigo. Na bi maganarsa daki-daki. Na rufe tagogi da buhuna, na hura gawayi a murhu, a cikin ɗaki mai rufin kwano, a tsakiyar bazara lokacin da rana ita kaɗai kan kai wannan zafin ta wuce. A rana ta uku da azahar na buɗe ƙofa, na tarar da su sun watse sun manne a jikin bango, bakunansu a buɗe, fukafukansu a sake, goma sha ɗaya kuma sun riga sun mutu a kan ƙaiƙayi.

Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aiki a Samaru, inda cibiyoyin binciken noma na Zariya suke, shi ne ya ji labari ya aiko mini da wani ɗan siririn littafi, irin waɗanda hukumar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, wato NAERLS, take bugawa. Ba shi da ado, shafukansa ba su da yawa, amma mutanen da suka san bazara da hunturu ne suka rubuta shi. Da shi da bayanin dattijon na gane cewa 'yan tsakin da kansu su ne ma'aunin zafi: idan suka dunƙule a gindin wuta suna tsuwa, sanyi suke ji, idan suka guje ta suna haki, zafi ya yi yawa, idan kuwa suka bazu suna ci suna sha, to an daidaita. A nan kuma na fahimci muhimmancin rigakafin Nukasil, annobar nan da kan share kajin unguwa da hunturu, da na Gamboro da ke kama ƙanana, na kuma san cewa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa irin waɗannan magunguna, kuma dole a riƙe su cikin sanyi har zuwa lokacin amfani, in ba haka ba ruwa kawai mutum ya ba kajinsa. Ban yar da babban littafin ba. Bayaninsa a kan haɗa abinci da gane kazar da ta daina ƙwai yana da amfani har yanzu, sai dai na koyi in fara tambaya, kafin in bi kowace shawara, a wace ƙasa aka rubuta ta kuma a wane yanayi.

Tun daga wannan asarar na ɗauki wata ɗabi'a da nake ganin ta fi kowane littafi amfani gare ni. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, duk abin da na karanta na gwada sai in rubuta ranar da sakamakon: buhu nawa aka ci, ƙwai nawa aka kwashe, wace rana aka yi rigakafi. Da kajin suka fara ƙwai a wajen mako na ashirin, kamar yadda littattafan biyu suka faɗa, sai na ga a rubuce cewa tsananin zafi yana rage ƙwan fiye da yadda na zata, na koma ba su abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, ina sabunta ruwa da tsakar rana.

Ɗinki kuwa ban daɗe a kansa da littafi ba. Na koyi awo da zana fasalin riga a kan takarda daga wani littafin koyon sana'a, amma yadda ake riƙe atamfa kada ta zame a ƙarƙashin allura, da yadda ake jin ƙarar keke a san zare ya yi tsauri, sai da na zauna watanni a gaban wata mai ɗinki a unguwarmu kafin hannuna ya faɗa.

Inda littafi ya fi taɓa rayuwata shi ne raino. Lokacin da na haifi ɗan fari, wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta ba ni Where There Is No Doctor na David Werner, wanda aka fara rubutawa da Sifaniyanci don ƙauyukan kan duwatsu na ƙasar Meziko, fassarar Turancinsa kuma ta fito a 1977. Shi ma baƙo ne, amma talakawa masu nisa da asibiti aka yi wa shi, saboda haka zanensa da maganarsa suka dace da gidajenmu. Yaron yana da wata goma sha ɗaya gudawa ta kama shi cikin dare, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, maigida kuma yana kan tafiya. Na buɗe littafin da fitilar waya, na duba alamomin ƙarewar ruwa a jiki ɗaya bayan ɗaya: ko maɗigarsa ta faɗa, ko idanunsa sun zurma, ko fatar cikinsa tana komawa da sauri idan na ɗan tsungule ta, da kuma yaushe rabonsa da fitsari. Na haɗa ruwan gishiri da sukari, na ɗanɗana kafin in zuba sukarin kamar yadda littafin ya koyar, don in tabbatar gishirin bai kai na hawaye ba, na yi ta ba shi da cokali ina haɗawa da nono har aka kira assalatu. Gari na wayewa na kai shi asibiti, domin littafin bai taɓa cewa shi likita ne ba. A wurare da yawa yana faɗa ƙarara cewa idan an ga alama kaza a nemi taimako ba tare da jinkiri ba, kuma wannan gaskiyar ce ta sa na amince da shi.

Akwai abin da ya kamata mai sayen gwanjo ya kula da shi a littattafan lafiyar yara, wato shekarar bugu. Shahararren littafin rainon nan na likitan Amurka Benjamin Spock, da ya fara fitowa a 1946, wasu tsofaffin bugunsa suna ba da shawarar a kwantar da jariri rub da ciki, alhali tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina wannan, yau kuma rigingine ake cewa a kwantar da shi saboda haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci. Littafin kiwo da ya tsufa kaza zai ci maka, na lafiya kuwa abin da zai ci ya fi kaza.

Abin da babu littafin da ya koya mini shi ne yadda zan yi magana da surukata. Na karanta cewa jariri nono zalla yake bukata har wata shida, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, ita kuwa Hajiya ta goya 'ya'ya takwas, kuma a ganinta hana jariri ruwa a zafin Zariya rashin imani ne. “Ke 'yar nan,” ta ce da ni wata rana tana riƙe da ƙoƙo, “ke kina sha, shi ba rai ba ne?” Na sunkuyar da kai na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, haka aka ce mana a awo, wai ruwan yana cikin nonon.” Ban ɗauko mata littafi ba, domin na san hakan zai zama raini. Na roƙe ta ta raka ni awo na gaba, ta ji daga bakin wata dattijuwar ungozoma sa'arta, ta ga nauyin jikanta yana hawa a kati, daga nan ta bari. Ni ma a wurinta na koyi wankan jariri da goyo da gane kukan yunwa daga kukan ciwon ciki, abubuwan da na nema a shafuka ban same su yadda ta nuna mini ba.

Da yaran suka tasa, bukatata ta koma ta tarbiyya. Maigida ya sayo mana Tuhfatul Maududi na Ibnul Ƙayyim daga Kasuwar Kurmi ta Kano, yana karanta mana yana fassarawa bayan isha'i, daga hukuncin suna da yanka da aski har zuwa gargaɗin malamin cewa yawancin lalacewar 'ya'ya daga sakacin iyaye take fitowa. Muka haɗa da Tarbiyatul Aulad na Abdullahi Nasih Ulwan, malamin Halab ta ƙasar Siriya, wanda ya tsananta magana a kan koyarwa ta hanyar zama abin koyi. Wannan babin ya yi mini nauyi ƙwarai, domin a lokacin ina yawan yi wa yara alkawarin alewa don su yi shiru in kuma manta, sai na ga ni ce nake koya musu ƙarya da bakina. Na daina, ko da yake ya ɗauke ni lokaci.

A makon jiya ƙanwata da ta haihu ta zo aron littafin Werner. Bangonsa ya yage na liƙe shi da salatef, shafin gudawa kuma yana da tabon ruwan wancan daren. Na nuna mata wuraren da na ja wa layi, na rubuta mata a gefe ta riƙa ajiye ƙunshin gishiri da sukari na kanti tare da ƙwayar zinc da ake bayarwa a asibiti yanzu, na kuma ce ta riƙe shi har damina ta wuce.