Tsibiran da hannu ya gina a tafkunan Sikotilan

Wanda ya tsaya a gaɓar tafkin Tay da ke Sikotilan zai iya hango ɗan tsibiri da bishiyoyi suka lulluɓe, ya ɗauka haka Allah ya halicce shi, alhali kuwa mutane ne suka kakkafa turaku a ƙasan ruwa, suka jibga duwatsu da itace, sannan suka ɗora gida a kai. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan mazauni kiranog, kuma akwai ɗaruruwansu a tafkunan ƙasar.

An daɗe ana zaton a zamanin ƙarfe aka fara gina su, sai ga wani mai ninƙaya ya tsinci tukwanen ƙasa a gindin wasu tafkunan tsibirin Lewis na Sikotilan, binciken da aka wallafa a 2019 kuma ya nuna cewa wasunsu sun haura shekara 5,000, wato tun kafin zamanin ƙarfe aka gina su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin da ruwa ya yi. A kiranog ɗin Oakbank, cikin tafkin Tay, inda aka fara tono a ƙarƙashin ruwa a 1980, an samu turakun gidan da ya kai shekara 2,500, har da akushin katako da ragowar man shanu a jikinsa. Sanyin ruwa da ƙarancin iska a cikin laka su suka hana kayan ruɓewa, da zarar an fito da su sun bushe kuwa, sai su fara tsattsagewa.

Shi ya sa nake ganin hikimar dokar 1979 ta kare tsofaffin wurare, wadda hukumar kula da wuraren tarihi ta Sikotilan, Historic Environment Scotland, ke aiwatarwa. Duk kiranog ɗin da aka sa a jerin wuraren da aka kare, laifi ne a tone shi ko a bi shi da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba, ko da mutum ne mai filin. Sai dai doka ba ta da iko da igiyar ruwa mai zaizaye gefen tsibiri, kuma raguwar ruwan tafki kan bar katako a fili.

Masu son ganin yadda gidan yake sukan je cibiyar kiranog ta tafkin Tay. Kwaikwayon gidan da aka gina kusa da ƙauyen Kenmore ya ƙone ƙurmus a watan Yunin 2021, cibiyar kuma ta sake buɗewa a Dalerb a 2024, a ɗaya gaɓar tafkin.