Daga Dutsen Bima Zuwa Tsaunin Biu: Duwatsu Biyu, Tauri Iri Biyu

Mun bar Gombe da sassafe muka nufi gabas, da guduma, madubin ƙara girma, maganaɗisu, sikeli da 'yar kwalbar asid mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Hanyar Biu ta dace da aikinmu na kwatanta duwatsu iri biyu, domin a wuni guda tana ratsa dutsen yashi da kuma baƙin dutsen aman wuta, wanda masana ke kira basalt.

Zangon farko Dadin Kowa ne, inda Kogin Gongola ya bi ta gefen Dutsen Bima. Daga sunan tsaunin nan aka raɗa wa dutsen yashin yankin suna. Yashi ne da koguna suka jibge fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, nauyin abin da ya hau kansa ya danne shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya bar ma'adinin da ya manne ƙwayoyin. A jikin gaɓa ana ganin shimfiɗa bisa shimfiɗa, a cikin kowace kuma wasu siraran layuka sun karkata, suna nuna inda ruwan ya dosa a wancan zamani.

Na fasa guda na duba da madubi. Ƙwayoyin a fili suke, masu kaushi, galibi ma'adinin kwaz mai ƙyalli kamar gilashi, sai ma'adinin felsifa fari ko ja-ja. Na goga da babban yatsa, 'yan ƙwayoyi suka zubo. Can gaba kaɗan wani gudan ya ƙi sakin ko ɗaya, gudumar ma sai ta yi tsalle. Yashin iri ɗaya ne, mannin ne ya bambanta, kuma a nan ƙarfin dutsen yashi yake. Idan silika ce, wato sinadarin da ke cikin kwaz, ta manne shi, yakan fashe ta tsakiyar ƙwayoyin saboda tsananin riƙo. Idan kalsait ne, wato ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, ɗigon asid zai yi kumfa, kuma ruwa na cin irin wannan a hankali. Na yumɓu kuwa, da ya jiƙa ya yi laushi. Gwaji mafi sauƙi shi ne ɗigon ruwa: in ya nutse cikin daƙiƙu kaɗan, dutsen cike yake da ƙananan ramuka.

Da muka fara hawan tsaunin Biu sai ƙasa ta sake launi, ga dunƙulallun duwatsu birjik a gonaki. A nan ido ke yaudarar mutum. Bayan dutsen ja ne kamar tsatsa, yana ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa, har ka rantse ɗan'uwan na Bima ne. Sai an fasa a ga cikinsa baƙi ƙirin, amonsa ƙarƙashin guduma kamar an bugi ƙarfe. Haka ma dutsen yashin da ma'adinin ƙarfe ya rina yakan yi duhu a waje. Don haka ba a yanke hukunci sai an ga sabon fashi.

Basalt ba shi da manni ko kaɗan. Narkakken dutse ne da ya fito da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, ya huce da sauri, ƙananan ma'adinansa suka sarƙe da juna, ƙanana har madubi ba ya rabe su. Abin da ake gani shi ne ɗige-ɗigen ma'adinin olibin masu launin kore, da ramukan iskar da ta kuɓuce, musamman a saman malalar narkakken dutsen. Kusa da Tafkin Tila, wanda bakin dutsen aman wuta ne da ruwa ya cika, irin mai ramukan nan ya yi yawa. Duwatsun Biu yara ne in an kwatanta da na Bima, 'yan shekaru miliyan kaɗan ne. Maganaɗisun da na rataya da zare ya karkata zuwa basalt, amma bai kula dutsen yashi ba.

Sikeli ya ƙara raba gardama. A auna nauyin gudan, a tsoma shi cikin mazubi mai awo a ga ruwan da ya tashi, sannan a raba nauyin da yawan ruwan da ya tashi. Lita guda ta basalt marar ramuka takan kai kusan kilo 2.9, ta dutsen yashi kuwa tsakanin 2.2 da 2.6. Sai dai a jiƙa dutsen yashin tukuna bayan an auna shi a bushe, in ba haka ba zai sha ruwan ya ɓata lissafin.

Wane ya fi tauri? Kwaz yana mataki na 7 a ma'aunin Mohs, wanda ke jera ma'adinai bisa taurinsu, yana karce gilashi da wuƙa, shi ya sa dutsen yashi ke wasa ƙarfe, kuma ƙurarsa ke illata huhun mai sassaƙa shi a bushe. Yawancin ma'adinan basalt suna wajen 6, amma a jure duka da nauyi ya fi, don haka ni shi zan zaɓa wa tsakuwar titi da kankare, muddin ba mai ramuka ko ruɓaɓɓen ɓawo ba ne. Dutsen yashi ya fi daɗin sara, yana tsagewa bisa shimfiɗarsa. A gini a kwantar da shi yadda aka same shi a ƙasa. In aka tsayar da shimfiɗar, ruwa zai bi tsakani, fuskar bangon ta riƙa zubowa falle-falle.