Mako na tara da sukundireba a hannu

Daren jiya bayan isha'i na ɗaure noti na ƙarshe, na jona waya, na danna maɓalli. Fanka ta juya, allo ya kawo haske, hoto ya fito tas. Mako tara ke nan da na fara buɗe cikin kwamfutar tebur da hannuna, kuma tun da tare muke wannan koyo, 'yan uwa, bari in gaya muku inda na kwana kan maganar da muka daɗe muna ja-in-ja a kai: wadda kamfani ya riga ya haɗa ta fi riba, ko mutum ya sayi kaya ɗai-ɗai ya haɗa abarsa?

Da farko niyyata sabuwa fil zan haɗa. Na rubuta kaya a bayan takarda: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), madabod (babban faranti da ake jona komai a jikinsa), ram (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi), SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri da ba ta juyawa), akwatin wuta (mai raba wa kayan ciki lantarki), akwatin kanta, fanka. Na zagaya shagunan Beirut Road a nan Kano, na dawo gida jikina a sanyaye. Komai dala yake bi, farashin da aka gaya maka yau ba shi za ka tarar jibi ba. Abin da ma ya fi tsaya mini a rai shi ne, in ka tattaro kaya bakwai daga shaguna huɗu ka haɗa ta ƙi tashi, wa za ka kama? Kowa zai rantse nasa lafiya lau ya ba ka, kai kuma ɗan koyo ba ka da wata ram ko wani akwatin wuta a ajiye da za ka gwada ka gane mai laifi.

Sai na koma wajen na hannu, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa in sun yi 'yan shekaru. Kun san su, jibge suke a kasuwa: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre da 'yan uwansu. Na ɗauki wata siririya mai Core i5-4570, firosesar 2013, da ram DDR3 guda ɗaya mai 4GB, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Kuɗinta gaba ɗaya bai kai na sabuwar firosesa da madabod kaɗai ba, kuma a gabana aka kunna ta kafin in biya.

Makonni ukun farko su ne na fi jin daɗi. Da na zare murfi, ƙurar da ke manne a fankar firosesa kamar auduga. Na share da burushin fenti, na ɗaga fankar, na tarar man da ke tsakaninta da firosesa ya bushe ya zama kamar alli. Na goge, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake a tsakiya, na mayar da notuna huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, don kada gefe ɗaya ya danne kafin ɗaya. Gurnanin da take yi ya lafa. Agogonta kuma kullum aka ɗauke wuta sai ya koma baya, har shafukan intanet su ƙi buɗewa. Ashe ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Kuɗinsa bai fi na katin waya ba.

Sai SSD. Duk wanda bai taɓa canza faifai mai juyawa zuwa SSD ba, a nan zai ga abin mamaki. Da in na kunna sai in tafi in ɗora ruwan shayi, yanzu kafin in gyara zama ta gama tashi. Na ƙara ram ta biyu irin ta farkon, na sa su a ramuka masu launi ɗaya don su yi aiki bibbiyu. A kula, ram samfurin DDR3 da ta DDR4 tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. In ta ƙi shiga kada a danna da ƙarfi.

A nan na ɗauka na zama gwani, a nan kuma na kwafsa.

Ina son in riƙa tace bidiyo, sai na ga katin hoto (shi ke sarrafa hoton da ke fita a allo) RX 580 na hannu da araha, na saya ban auna komai ba. Na zo gida na kara shi a bakin akwati, ko rabinsa bai shiga ba, murfi ma ba zai rufu ba. Na ce to, a bar ta a buɗe. Sai na nemi wayar wutar da zan soka wa katin, babu ita. Katin nan yana shan wajen wat 185, ramin madabod kuwa wat 75 kawai yake bayarwa, sauran dole ta wata waya daban za ta zo daga akwatin wuta. Nawa akwatin wutar bai kai wat 300 ba, kuma ba a yi masa wannan waya ba. Na ce a canza akwatin wutar mana. Nan ma katanga: filogin da aka saba gani a madabod mai ƙafa 24 ne, nata kuwa ɗan ƙarami ne na musamman, siffar akwatin wutar ma doguwa ce siririya da ba kowane shago ke da ita ba. Manyan kamfanoni da yawa haka suke ƙera na ofis, don ba su yi su domin mai tace bidiyo ba. Laifina ne, ban duba ba.

Katin da na sa jiya GTX 1050 Ti ne, gajeren samfurin da aka yi wa sirarran akwatuna. Wutar ramin madabod ta ishe shi. Bai kai wancan ƙarfi ba, amma ya shiga, murfi ya rufu.

To a ganina, mai son rubutu, lissafin shago, karatu ko aikin kafen intanet, haɗaɗɗiyar ofis ta hannu da SSD ta fi masa komai, kuma babu malamar da ta kai ta ga ɗan koyo, don ko ka ɓata ba ka yi babbar asara ba. Wanda kuma ya san nan gaba zai nemi babban katin hoto, ya fara leƙa filogin madabod da faɗin akwati kafin ya taya.

Sababbin nan masu gilashi da fitilu kala-kala kuwa, ina ɗari-ɗari da su. A kwali za a rubuta sunan firosesa da katin hoto ɓaro-ɓaro, a yi shiru kan akwatin wuta, alhali a nan ake tsuke kuɗi. Ku ce a buɗe muku. Ku karanta takardar da ke jikinsa, ku ga wat nawa ne, ko akwai tambarin 80 Plus mai nuna ba ya ɓarnar wuta sosai, ku ƙirga ram ɗaya ce ko biyu. Da irin wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta koma, akwatin wuta maras kyau yana iya tafiya da madabod. Ni dai ba na jona tawa sai ta sitabilaiza. Wasu tsofaffin kuma suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. A tabbata yana kan 230 kafin a kai hannu soket.

Abu ɗaya da na so a ce na sani tun a kasuwa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in firosesar Intel ce, galibi sai zubi na 8 zuwa sama, tare da TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta. Tawa zubi na 4 ce. Mai saye yanzu ya ƙara kuɗi ya nemi irin su i5-8500. Ni na saukar da Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows, a filashi, ranar Asabar zan gwada ta a tsohon faifan da na cire.

RX 580 na nan a kwali ƙarƙashin gado. Na fara tara kuɗin babban akwati da akwatin wuta mai wat 550, su zan fara saye.