Koyon tuƙin kayak a ruwan sanyin Alaska

Daga birnin Anchorage zuwa garin Whittier, a jihar Alaska ta Amurka, tafiyar kusan kilomita 95 ce, kuma ƙarshenta ta cikin dutse ake bi. Ramin ya kai kilomita 4, layi ɗaya ne tak, motoci da jirgin ƙasa duk shi suke bi, don haka sai an jira: masu shiga su wuce, sannan a buɗe wa masu fita. Saboda jirgin ƙasa aka huda shi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, motoci kuwa sai a shekarar 2000 suka samu hanya. Mun shiga da rana, muka fito ta ɗaya bakin cikin yayyafi. Ga teku kwance tsakanin duwatsu masu ƙanƙara a ka, ga ɗan garin da mutanensa ba su kai 300 ba, yawancinsu kuma a bene guda mai hawa 14 suke zaune. Nan ce ƙofar yamma ta mashigin tekun Prince William, nan kuma muka haɗu da malamin da zai koya mana tuƙa kayak.

Kayak na teku siririn kwalekwale ne, tsawonsa kamar mita 5, faɗinsa da ƙyar ya kai santimita 60. A rufe yake ta sama, sai ramin da mutum zai zauna ya miƙe ƙafafu ya tokare gwiwoyi da jikin jirgin. Gaba da baya akwai ɗakunan ajiya a toshe, su ne ke hana shi nutsewa ko da ya kife. Filafilinsa baki biyu ne, ana sarar ruwa dama da hagu.

Malam dattijo ne mai ƙarancin magana, ya daɗe yana kai mutane waɗannan lunguna. A safiyar farko bai bar kowa ya taɓa jirgi ba. Bakin ruwa ya kai mu, ya ce kowa ya naɗe riga ya tsoma hannu har gwiwar hannu, kada ya cire sai an ce. Ma'aunin da ya jefa ya nuna digiri 8. Da farko zafi na ji, irin mai shiga ƙashi, can sai zafin ya lafa, yatsu suka yi nauyi. Da muka cire, sai ya miƙa wa kowa igiya ya ce a ƙulla a kwance. Ina kallon yatsuna, na san abin da nake so su yi, amma sun ƙi. Aikin daƙiƙa biyar ya gagari yawancinmu.

"Kun dai gani," in ji shi. "Sanyi hannu yake fara ci. Duk abin da zan koya muku a kan wannan aka ɗora shi."

Da yawanmu mun zo da tunanin cewa wanda ya faɗa ruwan sanyi daskarewa yake yi nan take. Ba haka abin yake ba, kuma sanin yadda yake ɗin shi ne rabin tsira. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba da ke Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda sanyi ke taɓa jikin ɗan Adam, ya taƙaita shi da lambobi uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi ne ke ƙwacewa. Da fata ta ji ruwan, ƙirji zai ja iska da ƙarfi ba da izinin mutum ba, in kuwa kansa na ƙarƙashi a lokacin, ruwa zai shaƙa. Sai haki ya biyo. Aikin wannan minti guda ɗaya ne kawai: a riƙe baki a saman ruwa, a lallaɓa numfashi har ya kwanta. Daga nan akwai kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi aiki, kafin jiki ya janye jini zuwa ciki don kare zuciya da ƙwaƙwalwa, jijiyoyi su yi sanyi, riƙo ya gagara. Suma saboda sanyi kuwa takan ɗauki kusan awa ɗaya. Ke nan wanda ba ya sanye da rigar ceto mai hana nutsewa, nutsewa zai yi tun kafin zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35, komai gwanintarsa a iyo, domin hannun da zai yi iyon ne ya mutu.

Shi ya sa ake yin shiga don ruwa, ko da rana ta take. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ba a yarda da auduga ko kaɗan ba, domin in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi kuma ba ta bushewa da wuri. Ulu ko yadin roba ake sawa a ciki. A kai sai wata riga mai haɗe da wando har da safa, ruwa ba ya ratsa ta, wuyanta da bakin hannuwanta roba ce mai kama fata gam. Bayan an ja zif sai a tsuguna a ɗan buɗe wuyan, iskar da ke ciki ta fita. Sai rigar ceto, sai wani siket da ake ɗaurawa a ƙugu a maƙala bakinsa a ramin zama don kada igiyar ruwa ta cika jirgin. Siket ɗin yana da madauki a gaba, kuma kafin kowane tashi Malam sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ga madaukin nan a waje yake. In ya maƙale a ciki, wanda ya kife ba shi da abin ja.

Kifewa da gangan ita ce darasi na gaba, a wani lungu marar iska kusa da gari. Kowa ya yi tsit da aka faɗa. Da layi ya zo kaina na karkata, sai duniya ta juye. Sanyin ya bugi fuskata da goshina, na ji ƙirjina yana neman jan iska, na danne. An riga an karanta mana tsarin har mun haddace: sunkuya gaba, buga jikin jirgin da tafi don a san kana cikin hayyacinka, lalubo madauki, ja, dafa gefen ramin ka ture jirgin daga ƙugunka. Na ɓullo ina haki, filafili a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da jirgi. Wannan riƙon ba a wasa da shi. Kayak da ba kowa ciki, iska kaɗan ta ishe ta ta ja shi da gudun da mai iyo ba zai cim masa ba.

Komawa ciki ne ya ci mana lokaci, kuma ya cancanta. Abokin tafiya zai matso ya kama hancin jirgin da ya kife, ya ɗaga shi bisa nasa ruwan ya zube, ya juya shi, ya jera jiragen biyu kai da ƙafa, ya kwanta da dukkan nauyinsa a kan naka ya riƙe. Kai kuma ka harba ƙafafu a baya har jikinka ya kwanta a saman ruwa, ka ja ƙirji bisa bayan jirgi, ka zura ƙafafu cikin rami kana rub da ciki, sannan ka mirgina ka zauna. Sauran ruwan a fitar da famfon hannu. In ba kowa kusa, akwai wata jaka da ake hurawa a sa a bakin filafili ya zama madogara, amma tana cin lokaci, kuma hura ta da ɗaure ta duk aikin yatsu ne. Mun yi ta maimaitawa, Malam yana riƙe da agogo. Wata daga cikinmu ta ce, "Malam, ai mun gane, a bar mu haka." Ya ce, "'Yar'uwa, kanki ne ya gane. Ni hannunki nake so ya gane." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya firgita cikin ruwan digiri 8 ba zai tsaya tuno darasi ba, abin da jiki ya saba shi zai yi.

Tuƙin kansa bai yi wuyar kamawa ba. Da gangar jiki ake tuƙi, ana murza ƙugu ana tura ƙafa, hannu riƙo ne nasa. Jirgi mai kaya yakan yi kamar kilomita 5 a awa.

Daga nan wani jirgi mai inji ya kwashe mu da jiragenmu ya sauke mu a lungun tekun Blackstone, ya juya ya tafi. Ba hanyar mota, waya ba ta kamawa. Tsibirin Willard yana tsakiya, can ƙuryar lungun kuma manyan kogunan ƙanƙara guda biyu, Blackstone da Beloit, sun gangaro daga duwatsu har cikin teku. Karnukan ruwa suna kwance rigingine a saman ruwa suna kallonmu. Irinsu ne suka mutu da yawa a 1989, lokacin da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya bugi dutse a wannan mashigi ya zubar da galan kusan miliyan 11 na ɗanyen mai; ganinsu da rai suna ta harkarsu ya faranta mini rai ƙwarai.

Kafin a kafa tanti sai da aka buɗe jadawalin cikar teku. Sau biyu teku ke cika ya janye a kowace rana, kowane zuwa ko komawa awa shida da 'yan mintoci. A nan bambancin yakan kai kusan mita 4, lokacin tsayuwar wata ko cikarsa kuwa ya haura 5. Kuma ba da gudu ɗaya yake hawa ba: in aka raba hawan kashi 12, awa ta farko kashi 1 ne, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu 3 kowace, sannan 2, sannan 1. Rabin ruwan ke nan a awa biyun tsakiya yake zuwa. Filin tsakuwa da ka gani shimfiɗe da la'asar yana iya zama ƙarƙashin ruwa da tsakar dare. Muka nemi layin ciyawar teku da cikar jiya ta bari, muka hau sama da shi sosai, muka ɗauki jiragen da hannu har gindin itatuwa muka ɗaure. A irin wannan wuri, wanda ruwa ya tafi da jirginsa ya rasa hanyar gida.

Ranar da muka nufi kogin Beloit, tun daga nesa iska ta canja, ta zama mai yankan fuska. Gutsattsarin ƙanƙara suna yawo suna ƙaras-ƙaras a jikin jirgi. Bangon ƙanƙarar da ke gabanmu fari ne da shuɗi, shuɗin da ban taɓa ganin irinsa ba, kuma girmansa yana ruɗin ido har ka ɗauka ka iso alhali da saura. Malam ya tsayar da mu kusan mita 800 daga gindinsa, ya sa muka juya hancin jirage gare shi. Ba a jima ba wani ɓangare ya ɓalle. Mun ga faɗuwar kafin ƙarar ta iso, sai ga ta kamar aradu, bayanta kuma doguwar igiyar ruwa ta zo ta ɗaga mu ta sauke. A tsakiyar ruwa mai zurfi abin ya zo da sauƙi. A bakin gaɓa irin wannan igiya tashi take ta fashe, ta kwashe abin da ta tarar. Manyan curin ƙanƙara masu yawo su ma ba a matsa musu, domin kusan kashi 9 cikin 10 na jikinsu a ƙarƙashi yake, kuma sukan juye ba gargaɗi.

Da dare Malam ya yi mana zancen mutanen Chugach, 'yan asalin wannan gaɓa, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna farauta a wannan ruwa da jiragen itace da aka lulluɓe da fatar dabbobin teku. Rigar ruwansu da hanjin dabba suke ɗinka ta, su ɗaure bakinta a ramin jirgi. Wato matsalar da rigata ta zamani ke warwarewa, su sun daɗe da warware ta. Ƙauyensu na Chenega igiyar ruwan girgizar ƙasa ta 27 ga Maris, 1964 ce ta share shi, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanensa. Girgizar ta kai maki 9.2, ita ce mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Arewacin Amurka.

Washegari ba mu tashi ba. Rediyon oba-oba ya ba da hasashen iska mai ƙarfi, kuma tun da hantsi farin kumfa ya fara bayyana a kan igiyoyi. Iska mai sanyi takan gangaro daga saman ƙanƙara ta bi lungun da gudu, cikin ɗan lokaci ta hargitsa ruwan da yake kwance lumui. Wani ya ce ai muna da kayan kariya kuma mun iya ceto. Malam ya ce ceton da muka iya na ruwa kwance ne. In mutum biyu suka kife lokaci guda a cikin wancan, wa zai riƙe wa wani jirgi? Muka zauna, ya mayar da yinin aji. Ya nuna mana tasha ta 16, wadda ake kiran neman agaji a teku, ya kuma ce duwatsu kan tare muryar rediyo a irin waɗannan lunguna, shi ya sa yake ɗauke da wata 'yar na'ura mai aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan Adam. Ita da rediyo da usur duk a jikin rigar ceto suke, domin abin da ke cikin ɗakin ajiya ba naka ba ne in ka rabu da jirgi. Ya koya mana kula da wanda sanyi ya kama: a kwantar da shi a hankali, a raba shi da jiƙaƙƙen kaya, a naɗe shi a kare shi daga iska da sanyin ƙasa, kada a murza masa hannu ko ƙafa, kada a ba shi barasa. In makyarkyata ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, maganarsa ta fara sarƙewa, to abin ya yi nisa, agaji ake kira.

Da iska ta faɗi muka kama hanyar Whittier da ƙarfin filafilinmu, muna bin gaɓa, muna tsallakawa a dunƙule inda ya zama dole. Kusa da wani tsinin gaɓa da ake kira Decision Point, inda ruwan ya ɗan yi tsalle, Malam ya kife jirginsa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ni ne na fi kusa. Na isa, na kama hancin jirgin, na zubar da ruwan, na kwanta a kai na riƙe har ya shiga ya maƙala siket. Ya dubi agogo ya ce bai kai minti uku ba, ya isa a ruwa irin wannan. Sannan ya lissafa mini abin da ya rage: juyo da jirgi daga kifewa ba tare da na fita ba, sauka a gaɓar da igiya ke fashewa, da tuƙi da kamfas cikin hazo. Na farkon ya ce in fara shi a wurin iyo mai ruwan ɗumi, sai ya zauna a jiki in kawo shi teku.