Saniya mai lamba 214

A watan Fabrairu na sauka yankin Cork na ƙasar Ailan don aiki a wata gonar shanun madara, daidai lokacin da shanunsu ke haihuwa. Yayyafi ba ya ɗaukewa, sanyi har cikin ƙashi, kuma ƙarfe biyar na asuba muna wurin tatsa, gari bai ko yi niyyar wayewa ba. Turancin maigidana sai da na yi wata biyu kafin kunnena ya kama shi. Shanu ne kawai ban yi baƙunta da su ba, don cikin shanun Bunaji na tashi, a rugar Baffana kusa da Kachia.

A nan so ake kowace saniya ta haihu duk kwana 365, daidai fitowar sabuwar ciyawa. Daga ƙarshen Afrilu ake fara barbara, yawanci ta allura, wato a saka wa saniya maniyyin bijimi, wadda kuma ta ƙi ɗaukar ciki sai a fitar da ita daga garke. Har yau wannan yana mini ciwo.

Akwai wata mai lamba 214 da na ƙwallafa wa rai, hantsarta cike, tana ba da lita 35 a rana. Ina cikin yabonta maigidan ya miƙo mini takardar awon madara. Lokaci-lokaci ana ɗibar madarar kowace saniya a 'yar kwalba a kai ɗakin gwaji. Tata maiƙo ya hau, furotin ya sauka, maiƙon ya haura ninki ɗaya da rabi na furotin. Wato abincin da take ci bai kai abin da take fitarwa ba, kitsen jikinta take narkarwa. Irin wannan saniya takan daɗe ba ta nemi bijimi ba. Na shafa haƙarƙarinta, na ji ƙasusuwa a tafin hannuna, kunya ta kama ni.

Makiyayan Ailan ma sun taɓa bin yawan madara har haihuwa ta ja baya a garkensu. Tun 2001 suke da ma'aunin EBI, wanda ke duba madarar 'ya'yan bijimi mata haɗe da saurin ɗaukar cikinsu kafin a zaɓe shi.

Na ba Baffa labari ta waya. Ya ce, "Ai ka sani, mai yawan nono ita ke fara kwanciya da rani. Ku rage mata tatsa."

Haka maigidan ma ya yanke: tatsa sau ɗaya a rana. A allura ta biyu ta ɗauki ciki. Da Fabrairu ya zagayo, ni na kwana a kanta har ta haifi 'yar maraƙa.